Kada a Kai Aska Rumfar Mai Walda

Jama'a masu sauraro, na Abu Hujar da kewaye, da na Sinja da Mai Wurno, da duk ƙauyukan da ke jere a gaɓar Shuɗin Nil har Damazin,  sharhinmu na yau a kan aska ne.

Na san wani zai ce, duk abin da ke damun jama'a a rasa na tattaunawa sai aska? To, a yi mini haƙuri a saurara. Babu gidan Bahaushe a ƙasar nan ta Sudan da aska ba ta shiga ba. Ita ce ran suna, ita ce ran kaciya, ita ce a bakin masallaci da safiyar Juma'a da jajibirin salla. Kakanninmu da suka biyo hanyar gabas, wasu da niyyar hajji a ƙafa, wasu a ayarin da ya taso bayan yaƙin Burmi na 1903 ya zo ya kafa Mai Wurno, ba su taho da dukiya mai yawa ba, amma wanzaminsu bai bar zabirarsa a baya ba. Har yau akwai gidajen da in an buɗe zabira za a ga askar da kaka ya yi aiki da ita, uba ya gada, ɗa yana riƙe da ita. Wasu ƙirar maƙeranmu ne. Wasu kuma irin masu naɗewa ne na Ingila ko Jamus, da aka sayo a Umdurman ko Jidda, tambarin kamfani yana nan a gindinsu.

Abin da ya tayar da maganar kuwa, kowa ya san shi. Daga ƙarshen watan Yuni na 2024 da yaƙi ya shigo Sinja har zuwa Nuwamba, mutanen wannan yanki da yawa sun bar gidajensu, ba wanda ya tsaya shafa wa kayan aiki mai. Damina guda cur kayan nan suka yi a ɗaki, wani ɗakin ma yana yoyo. Fatar zabira kuwa jan raɓa take yi ta riƙe. Da aka dawo aka buɗe, sai ga aska ta yi ja wur da tsatsa, almakashi ya ƙi buɗuwa. Mutum yana son ya koma bakin sana'arsa, kuɗin sabon kaya babu, sai ya duba ina ne za a goge masa da sauri. Ga rumfar mai walda nan a bakin kasuwa, janareto yana ruri.

Ku zo mu tsaya a bakin rumfar nan ranar kasuwa. Dattijo ya iso, ya kwance tsumma, ya ce, "Usta, ga askar mahaifina, tsatsa ta kama ta. Ko za ka ɗan goge mini?" Saurayin yanzu ya gama yanke ƙarfen ƙofa, injin gurza ƙarfen yana hannunsa. Ya ce, "Kawo, Baba, ai wannan ba aiki ba ne." Ya damƙe askar da awartaki, ya kunna inji, tartsatsi ya tashi. Kafin a ce kwabo tsatsa ta tafi. Amma wanda ya zuba ido zai ga wani siririn layi ya bayyana a bakin askar, wajen tsini, da fari ruwan ƙasa, nan take ya koma shuɗi. Shi ma saurayin ya gani. Sai ya sake bi ta wurin a hankali, shuɗin ya ɓace. Ya tsoma ta a gwangwanin ruwa, ta ce cuu, ya goge a wandonsa ya miƙa. "Ga ta, Baba, ta koma sabuwa." Dattijo ya juya ta a rana tana walƙiya, ya sa albarka, ya biya, ya tafi yana murna.

Ran Juma'a sai ya wasa ta a dutse, ya bi ta a fata, ya gwada a gashin hannunsa, ta ɗauke tas. Ya jiƙa kan mutum na farko, ya fara daga ƙeya lafiya lau. Kafin a kai tsakiyar kai ta fara ja. Mai kan ya yamutsa fuska ya ce, "Sarkin Aska, yau dai hannunka da nauyi." Ya koma fata, ta ɗan dawo, ya yi ja uku, ta sake dakushewa. Ya zargi dutsen, ya zargi sabulun, har ya fara zargin idonsa da tsufa. Alhali ba ko ɗaya. An kashe askar tun ranar kasuwa.

Don a gane yadda aka yi, sai mu leƙa maƙera. Ƙarfen aska ba irin na ƙofa da taga ba ne. Ƙarfe ne mai sinadarin kabon kimanin kashi 1 cikin 100, shi ya sa maƙeranmu suke neman tsohon magagari ko sifirin mota in za su ƙera abu mai kaifi. Bayan an fitar da siffa, sai a mayar da shi wuta har ya yi ja, wajen digiri 800 a ma'aunin zafi, inda in ka kai masa maganaɗisu ba ya kama shi. Daga nan a tsoma shi cikin ruwa ko mai farat ɗaya. Wannan sanyayar gaggawa ita ke ba shi tauri, taurin da magagari ba ya iya cinsa. Sai dai a wannan hali gautsi gare shi, in ya faɗi ƙasa yana iya karyewa. Don haka ake sake ɗumama shi kaɗan, wajen digiri 200, a rage gautsin a bar taurin. A nan duk gwanintar maƙeri take. In ya zarce, aska ta yi laushi. In ya gaza, ta riƙa ɓantarewa.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: duk zafin da ya wuce wancan ɗumi na biyu, taurin yake ci, kuma hucewa ba ta dawo da shi. Ko ka tsoma a ruwa, ko ka bar shi kwana bakwai a inuwa, abin da ya tafi ya tafi.

Ƙarfe kuma ba ya ɓoye abin da ya same shi, da launi yake faɗa. In ya kai wajen digiri 220 sai ya yi ruwan kara. Ya ƙara gaba ya yi ruwan ƙasa, wajen 280 ya yi ruwan hanta mai duhu, wajen 300 ya yi shuɗi. Shuɗin nan shi ne daidai taurin sifirin ko zarto, abin da ake so ya lanƙwashe ya dawo. Bakin aska kuwa ba a son ya lanƙwashe. Launin kansa wata 'yar fata ce kawai a saman ƙarfen, gogewa ɗaya ke cire ta. Laushin yana can ciki. Saurayin nan da ya goge shuɗin shaida ya ɓatar, ɓarnar tana nan daram.

Wani mai walda zai ce, "Ai ni kullum ina wasa gatari da adda da lauje a wannan injin, ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafi." Gaskiyarsa, ko da yake su ma suna ɗan ji a jikinsu. Amma ka jefa gungume da tsinke cikin wuta ɗaya ka ga wanda zai riga cinyewa. Gatari yana da jiki, zafin da ya shiga bakinsa yana samun wurin bazuwa. Aska ba ta da shi, balle irin ta Turai da aka rarake gefenta biyu ta zama siririya tun daga tsakiya. Kaurin gashin mutum galibi bai kai kashi 1 cikin 10 na milimita ba, bakin askar da ta wasu kuwa ya fi gashin siranta fiye da sau 100. Ina zafi zai je a wannan wuri? Shi kuma injin hannu na masu walda, mai faifan milimita 115, yana juyawa kusan sau 11,000 a minti guda, wato gefen faifan yana gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Na kan tebur mai duwatsu biyu yana yin kusan 3,000. Tartsatsin da yara ke taruwa kallo, ɓarɓashin ƙarfe ne ke ci da wuta, zafinsa ya haura digiri 1,000. Ba sai an yi minti ba, a ƙasa da daƙiƙa ɗaya bakin aska yake wuce iyakarsa.

Akwai masu dabarar cewa suna ɗora yatsa a kan ƙarfen, da sun ji zafi sai su ɗaga. Dabarar tana aiki ga wuƙar mahauta, ba laifi. Ga aska ba ta isa ba, domin yatsan yana kan baya ne mai kauri, kafin zafi ya iso wurinsa bakin ya riga ya ƙone. Sau da yawa ma ko launin ba a gani, don wurin da ya ƙonen ya fi ƙarfin ido. Wani lokaci kuma abin juyewa yake yi: bakin ya yi zafin da ya kai na maƙera, ya huce nan take, sai ya zama mai gautsi, ƙarƙashinsa kuma laushi. Irin wannan ita ce askar da kana wasawa tana yin ƙananan giɓi, kana cire wannan wani yana fitowa. Tsomawa a ruwa da zafinta ma tana iya jawo tsagewar da ba a gani sai ranar da ta karye a hannu.

Kada kuma faifan ƙyalle na sa walƙiya ya ruɗi kowa. Taushinsa bai hana shi ɗumama ƙarfe ba. Ya ma fi dutse mugunta ta wani gefen, don yana cafke bakin aska ya fizge ta daga hannu ya wurga. Aska tsirara tana tashi a cikin rumfa, ga yara a tsaye, ga usta ba tabarau. Allah ya kiyaye.

Su masu wannan sana'a tun asali fa, yaya suke yi? Garuruwa 3 ne suka yi suna a duniya wajen ƙera aska: Shafil a Ingila, Zolingen a Jamus, da Tiyar a Faransa. Dukansu a bakin rafuka suka kafa masana'antunsu, ruwa ne ke juya musu manyan duwatsu. Kuma siranta ƙarfen da aka riga aka ba tauri, a jiƙe ake yin sa, dutse yana juyawa ruwa yana kwarara a kansa. Kamfanin Thiers-Issard da aka kafa a 1884 da na Dovo da aka kafa a 1906 sun yi suna ne da irin wannan aiki na haƙuri. Injin wasa kayan kaifi na zamani da ake sayarwa a Turai, mai dutse cikin kwamin ruwa, juyi kimanin 90 kacal yake yi a minti. Ku kwatanta da 11,000. A Shafil ɗin ma, a ƙarni na 19, masu gurza ƙarfe a bushe da yawa ba sa kai shekara 40 saboda ƙurar dutse da ke cika musu huhu. Wannan gargaɗi ne ga samarinmu masu wuni a kan inji ba ko ƙyalle a hanci, amma wannan maganar wata rana ce.

Ba sai mun je Jamus ba ma. Tsohon wanzami da ke ɗiga ruwa a kan dutsensa kafin ya ɗora aska, da maƙerin da ke zaune yana kallon launi yana tafiya a jikin ƙarfe har ya kai inda yake so ya tsoma, ilimin nan ɗaya ne suke aiki da shi. Injin ne baƙo, ya zo da sauri, ba a tambaye shi abin da ya iya da wanda bai iya ba.

To, wanda ya buɗe zabira ya tarar da tsatsa, me zai yi? Ya samu samfefa irin wadda ake jiƙawa, ta masu fentin mota, da ɗan mai, ko na keken ɗinki ne. Ya kwantar da askar a kan katako, bakinta ya manne da katakon don kada ya yanke shi. Ya naɗa samfefar a ɗan itace, ya fara da lamba 400, yana bi daga baya zuwa baki. In jan ya tafi ya koma 600, sannan 1,000, mai son walƙiya ya kai 2,000. Aikin yamma ɗaya ne ko biyu, ana hira ana shan shayi. Masu sa lemun tsami da toka su sani tsami yana cin ƙarfe, kuma bakin yake fara ci, don haka kada a bar ta a jiƙe ta kwana. A wanke, a shanya sosai, a shafa mai.

Bayan jan ya tafi za a ga wasu baƙaƙen ɗigo da ƙananan ramuka. A nan mutane ke rasa haƙuri su nufi inji. Ni a ganina, ramin da ke jikin aska nesa da baki a ƙyale shi. Ba ya hana aski. Askar da ta shekara 60 tana aiki ba dole ne ta yi kama da ta kanti ba, kuma garin gyaran gira ake rasa ido. Ramin da ya faɗo a kan baki shi ne abin kula, shi kuma dutse da ruwa ne maganinsa, a yi ta bi har a wuce shi.

Mai askar Turai ya lura da abu guda. Bayanta mai kauri ba ado ba ne, ma'auni ne. An ƙera ta ne yadda in ka kwantar da ita a dutse, baya da baki duka suna taɓawa, kaifin zai fita daidai ba sai ka karkata hannu ba. In inji ya cinye bayan nan ya bar shi tudu da kwari, ko ba ta ƙone ba, ba za ta ƙara zama daidai a dutse ba.

Wadda aka riga aka ƙona fa? Ya danganta. In ɗan wuri ne a tsini, ana iya bin sa da dutse har a cinye mataccen ƙarfen a iso mai rai. Za ta rage faɗi amma za ta yi aiki, kuma za ka gane ka iso ne in ta fara gama kai guda ba ta nemi fata ba. In shuɗin ya shiga ciki sosai, askar maƙeranmu tana da sa'a, domin tana da kauri, maƙerin da ya san aikinsa zai mayar da ita wuta ya sake ba ta tauri. A kai masa, shi ne likitanta. Ta Turai mai siririn jiki kuwa da wuya ta tsira, don an ba ta tauri ne tun tana da kauri sannan aka siranta ta. In aka mayar da ita wuta a yadda take, ko ta karkace ko ta tsage. Sai dai a ajiye ta don tunawa da mai ita.

Masu saye a kasuwa kuma, tsohuwar aska mai walƙiya fiye da kima abar tuhuma ce. A duba jikinta a rana. In an ga zane-zanen faifai, ko tambarin kamfani ya shafe rabi, ko wani ɗan shuɗi ya maƙale a lungun gindi inda inji bai kai ba, a mayar wa mai ita. Gara mai tsatsarta da ba wanda ya taɓa.

Akwai wata wutar kuma da ba ta mai walda ba, wadda wanzamai da kansu suke sa wa askarsu. Saboda tsoron cuta, wasu sukan kunna ashana ko laita su bi bakin aska kafin su taɓa mutum. Niyyar mai kyau ce, amma an yi ba a yi ba. Harshen wutar nan ya fi digiri 200 nesa ba kusa ba, yana ƙona bakin, kuma bai game duk jikin askar da lungun ƙotarta ba, inda jini ke maƙalewa. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 ko fiye da rai a busasshen jini. Abin da ya fi shi ne a wanke da sabulu tukuna, sannan a tafasa minti 20. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, bai kai inda zai taɓa taurin ƙarfe ba. Sai dai ƙotar ƙaho ko ta roba tana lanƙwashewa a tafasasshen ruwa, a kiyaye ta. A tsame, a goge, a shanya nan take. Duk aikin da za a fitar da jini kuwa, kaciya ce ko tsagar ƙaho, ra'ayina a fili yake: sabuwar reza ga kowane mutum, a buɗe ta a gabansa, a jefar bayan an gama. Askar gado a bar ta ga aski, ko ga kan mai ita da 'ya'yansa.

'Yan'uwana masu walda, ba ku na zo zargi ba. Ku kuka gyara mana ƙofofin da aka ɓalle, ku ke ɗinke garmar tarakta lokacin shukar dawa da riɗi, ba mai raina aikinku. Roƙona ɗaya ne. In dattijo ya kwance tsumma ya miƙo muku aska, ko almakashin tela, ko ƙaramar wuƙar dukanci, ku ce, "Baba, wannan ba ta inji ba ce." Ku yanko masa samfefa ku sayar masa, ku nuna masa hanyar maƙera. Kuɗin da za ku rasa bai kai na kofin shayi biyu ba. Ku kuma iyayenmu wanzamai, damina tana tafe kowace shekara: a fitar da aska daga zabira, a shafa mata mai, a naɗe ta a busasshen ƙyalle, a rataye inda iska ke shiga.

Wanda ya ji, don Allah ya faɗa wa wanzamin unguwarsu.